Idan Laftof Ta Ƙi Tashi: Abin Da Za Ka Duba Kafin Ka Kai Ta Wurin Mai Gyara



Mu ƙaddara saura kwana uku a fara jarrabawa. Malam ya gama buga tambayoyi a laftof ɗinsa, sunayen ɗalibai da makinsu na shekara duk suna ciki. Da safe ya buɗe ta don ya kwashi aikin ya kai wurin masu bugawa, ya danna maɓalli, shiru. Ya sake dannawa, ko ɗan hasken nan na gefe bai fito ba. Ko kuwa ɗalibar jami'a ce da ta yi wata shida tana rubuta aikinta na kammala karatu, ba ta ajiye shi ko'ina ba sai a cikin wannan na'ura.

A irin wannan hali mutane kan yi ɗayan kuskure biyu. Wani ya yanke hukunci cewa ta ƙone, ya tura ta ƙarƙashin gado. Wani kuma ya ruga kasuwa a ruɗe, ya miƙa ta ga wanda ya fara tare shi, ya biya kuɗin abin da bai lalace ba, wani lokaci ma ya dawo gida an goge masa komai. Alhali sau da yawa abin da ya hana ta tashi ƙarami ne, kuma yana waje, ba cikinta ba.

Wuta tana da hanyar da take bi: daga soket zuwa filogi, daga filogi zuwa caja, daga caja zuwa bakin caji, daga nan zuwa batir da babban allon ciki wanda masu gyara ke kira bod, sannan ta kai ga fuska. Idan famfo ya ƙi kawo ruwa ba a fara da fasa bango, ana fara duba tanki. Haka za mu bi wannan hanya gaɓa-gaɓa, muna gwada abu ɗaya a lokaci ɗaya, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Wane irin ƙin tashi ne?

Kafin ka taɓa komai, danna maɓallin kunnawa sau ɗaya, ka zuba ido, ka kasa kunne. Abin da ake kira "ta ƙi tashi" iri uku ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko, babu alamar rai ko kaɗan: ba haske, ba ƙarar fanka, ba ɗumi. Wannan matsalar wuta ce.

Na biyu, ƙananan fitilu sun kama, fanka tana juyawa, amma fuska baƙi ƙirin. Nan wuta ta shiga, matsalar tana fuska, ko ma'ajiyar wucin gadi da ake kira RAM, ko bod.

Na uku, tambarin kamfani ya fito, sai ta tsaya nan, ko ta rubuto cewa ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba. Wannan ta tashi ke nan, Windows ne ko faifan ajiya ke da matsala, kuma wannan wani darasi ne daban. Yau na farko da na biyu za mu duba. Ka riƙe wanne ne naka, domin ko a wurin mai gyara wannan bayani zai rage maka kuɗi da ɓata lokaci.

Fara daga bango

Kada ka raina wannan mataki. Soket ɗinmu na Gana mai baki uku ne irin na Ingila, kuma yawancinsu suna da makunni a jiki. Duba ko a kunne yake. Sa cajar waya ko fanka a wurin ka gani ko akwai wuta. Idan ta estenshan kake sha, cire shi ka haɗa kai tsaye da bango, domin estenshan mai araha yakan saki daga ciki, musamman wanda aka saba cusa masa filogi mai ƙafa biyu da ƙarfi.

Filogi mai ƙafa uku yana da fiyus a cikinsa. Idan wuta ta dawo da ƙarfi bayan an ɗauke, fiyus ɗin kan tsinke don ya ceci abin da ke gaba. Ana buɗe wurinsa da bakin sukudireba, a sauya shi da mai lamba irin tasa. Na wayar laftof yawanci 3A ne ko 5A. Kada ka naɗe shi da takardar gwangwani ko ka ɗaura masa waya. Wanda ya yi haka ya kori mai gadi ne ya bar ƙofa a buɗe.

Sai wayar da ke tsakanin bango da akwatin caja. Yawanci tana cirewa, bakinta mai huji uku ne ko biyu. Takan zame kaɗan ba tare da an lura ba, to tura ta sosai. Wannan waya ba ta da wata dabara a cikinta, kana iya aron ta wani ka gwada, muddin bakin ya yi daidai. Mutane da yawa sun sayi sabuwar caja alhali wannan 'yar waya ce kawai ta tsinke.

Caja

Wutar bango a Gana folt 230 ce, laftof kuwa abin da take sha bai wuce folt 19 zuwa 20 ba. Aikin akwatin caja shi ne sauko da wutar ya daidaita ta. Juya bayansa ka karanta rubutun. Inda aka rubuta INPUT za ka ga 100 zuwa 240V, wato tana karɓar wutar kowace ƙasa, ko daga Amurka aka aiko maka da ita. Inda aka rubuta OUTPUT shi ne abin lura: lamba mai harafin V ita ce folt, mai harafin A ita ce amfiya. Yawancin Dell da HP 19.5V ne, Lenovo 20V, Acer da Asus da Toshiba 19V. Idan ka ninka lambobin biyu za ka sami ƙarfin cajar, wato wat: 19.5 sau 3.34 ya ba da wat 65, 19.5 sau 4.62 ya ba da wat 90.

Ka'idar aro ko saye ita ce: folt ya zama daidai da abin da aka rubuta a ƙarƙashin laftof ɗinka, amfiya kuwa ta kai ko ta fi. Caja mai wat 90 ba za ta cutar da laftof mai neman 65 ba, domin abin da take buƙata kawai take ja. Amma mai wat 45 ba lalle ta iya ɗaukar mai neman 90 ba.

Shigar baki ba ita ce dacewa ba. Cajar Dell da ta HP suna da bakin da girmansa ɗaya ne, da 'yar allura a tsakiya. Ta wannan allura laftof ke gane cajarta, kuma kowane kamfani da irin saƙonsa. Shi ya sa caja kan shiga daram amma batir ya ƙi caji. Leƙa bakin taka ka gani ko allurar ta lanƙwashe ko ta karye.

Idan cajarka tana da ɗan haske, yi wannan gwaji. Cire ta daga laftof, cire ta daga bango, jira minti ɗaya, ka mayar da ita bango kaɗai. Idan hasken bai kama ba, cajar ce ko wayarta. Idan ya kama, amma da ka sa ta a laftof ya mutu nan take, to akwai inda wuta ke haɗuwa a cikin laftof ɗin, cajar ta kashe kanta ne don kariya. Kada ka yi ta maimaitawa, wannan aikin mai gyara ne. Idan babu haske a jikinta, duk mai gyaran rediyo ko talabijin yana da mitar awon wuta, cikin minti ɗaya zai gaya maka ko tana fitar da folt ɗin da aka rubuta.

Sababbin laftof da yawa da bakin USB-C suke caji, irin na wayoyin zamani. Wannan ya sa wasu ke sa musu cajar waya. Yawancin cajojin waya ba su da ƙarfin tada laftof, wadda galibi ke neman folt 20 da wat 45 ko 65. Ita ma wayar tana da iyaka: ta gama-gari ba ta ɗaukar fiye da wat 60. Kuma ba kowane ramin USB-C ne ke karɓar caji ba, to gwada ɗayan idan biyu ne.

Gargaɗi ɗaya: kada ka fasa akwatin caja. A cikinsa akwai abin da ke riƙe wuta sama da folt 300, kuma yana iya riƙe ta ko bayan an cire shi daga bango. Cajar da ke wari, ko ta kumbura, ko wayarta ta tsage har ƙarfe ya fito, a daina amfani da ita.

Bakin caji

Ramin da caja ke shiga a jikin laftof yana shan wahala. Yaro ya yi tuntuɓe da waya, ko a ɗauki laftof da cajarta a jiki a sa a jaka, a hankali ramin ya saki. Haska tocila ka leƙa. Akwai datti? Ya yi baƙi kamar ya ƙone? Sa caja ka ɗan motsa kanta a hankali kana kallon fitilar caji. Idan tana kamawa tana mutuwa, ramin ne ko wuyan cajar. A laftof da yawa ramin yana kan 'yar wayarsa daban, sauya shi ba shi da wuya kuma ba shi da tsada idan aka kwatanta da bod. Idan za ka share datti, cire caja tukuna, ka yi amfani da tsinken sakace, ba allura ko wani ƙarfe ba.

Zubar da ragowar wuta

Wannan mataki kyauta ne, kuma ya tada laftof masu yawa da aka ɗauka sun mutu. A cikin kowace laftof akwai wata 'yar ƙwaƙwalwa da ba ta barci, ita ke sauraron maɓallin kunnawa, ita ke kula da caji. Wani lokaci takan rikice, musamman bayan wuta ta yi wasa, sai ka danna maɓalli ba ta ji ba. Maganin shi ne a raba ta da wuta gaba ɗaya don ta fara daga farko.

Cire caja. Cire duk abin da ke maƙale: filash, linzami, firinta, katin ajiya, wayar talabijin. Idan batirin mai cirewa ne ta baya, cire shi. Sannan danna maɓallin kunnawa ka riƙe daƙiƙa 30, ka ƙirga da baki kada ka yi sauri. Saki, ka sa caja kaɗai ba batir, ka kunna.

Idan batirin na ciki ne, riƙe maɓallin haka nan bayan ka cire caja. Wasu samfuran Lenovo da Acer suna da wani ɗan huji a ƙarƙashinsu don wannan aiki, sau da yawa da ɗan zanen batir a kusa. Ana sa ɗan ƙarfen cire sim na waya a danna a riƙe kaɗan. Tabbatar shi ne kafin ka soka komai, domin akwai hujin da na makirfo ne. Mai MacBook kuwa ya riƙe maɓallin daƙiƙa 10, ya saki, ya sake dannawa. Wannan mataki ba ya goge ko harafi ɗaya daga ajiyarka.

Batir

Idan ta tashi da caja kaɗai, ta ƙi tashi da ka mayar da batir, ka kama ɓarawon. Batirin da ya lalace yana iya hana laftof tashi ko da caja tana jiki. Kana iya ci gaba da aiki ba batir kafin ka sami sabo, sai dai ka sani da an ɗauke wuta za ta mutu nan take, to ka riƙa adana aikinka akai-akai.

Batirin laftof ba ya dawwama. Yawanci bayan an cika shi an sauke sau 300 zuwa 500 ƙarfinsa kan ragu sosai. Laftof ɗin da akasarinmu ke saye kuwa na hannu ne, sun riga sun yi shekaru suna aiki a wata ƙasa kafin su iso. Haka kuma batirin da aka bari ya sauka ƙurmus, aka ajiye shi tsawon hutu, yakan yi nauyin farkawa. Irin wannan a sa masa caja a ƙyale shi rabin awa ko awa ɗaya kafin a danna maɓalli.

Abin da ba a wasa da shi shi ne batir mai kumburi. Alamominsa: wurin shafa yatsa ya ɗago ko ya ƙi dannuwa, kibod ya yi tudu, ƙasan laftof ya buɗe baki, ko ta daina zama daidai a kan tebur. Idan ka ga haka, kada ka sa caji, kada ka danne shi, kada ka huda shi. Yana iya kama wuta. A kai a cire shi, kuma kada a jefa shi cikin sharar da za a ƙona.

Akwai wani ƙaramin batir kuma a kan bod, mai kama da kwabo, mai folt 3, wanda ke riƙe agogo. Idan laftof ta daɗe tana manta kwanan wata duk lokacin da aka kashe ta, shi ne ya raunana, kuma a wasu samfuran mutuwarsa kan hana tashi. Ba shi da tsada. Ka gaya wa mai gyara wannan alama idan ka taɓa ganinta.

Wuta ta shiga amma fuska baƙi

Yanzu mun zo iri na biyu. Fara da ƙara haske da maɓallansa, domin yara kan rage shi har ƙasa. Sannan danna Caps Lock ka gani ko 'yar fitilarsa na kamawa tana mutuwa. Idan tana amsawa, ƙwaƙwalwar na aiki, fuskar ce kawai ba ta nunawa. A Windows 10 da 11 kana iya danna maɓallin Windows da Ctrl da Shift da B a tare, wannan yana farkar da sashen hoto.

Sai gwajin tocila. Shiga wuri mai duhu, ka haska fuskar daga gefe, kusa sosai. Idan ka hango rubutu ko hoto dishi-dishi, fitilar bayan gilashin ce ta mutu ko wayarta, laftof ɗin kanta lafiya lau take. Bayan haka haɗa ta da talabijin ta wayar HDMI, ka zaɓi mashigar da ta dace a talabijin ɗin. Idan bai nuna ba, danna Windows da P. In hoto ya fito a talabijin, ka huta: kwashe aikinka a filash nan take, ka ci gaba da aiki a haka har ka sami kuɗin gyara. Sau da yawa wayar da ta ratsa ta maganaɗisun murfi, wato inda murfin ke lanƙwasawa, ita ce ke gajiya saboda buɗewa da rufewa. Mai Dell yana da wani gwaji: ya kashe ta, ya riƙe harafin D, ya danna maɓallin kunnawa. Idan gilashin lafiya yake, zai riƙa sauya launuka.

Ka kuma lura da ƙifta-ƙiftar fitilu da ƙarar "tit-tit". Ba haka kawai suke yi ba, laftof ce ke faɗin ciwonta. HP takan ƙifta fitilar Caps Lock, Dell takan ƙifta fitilar caji da ruwan goro da fari, wasu kuma ƙara suke yi. Ƙirga sau nawa, ka rubuta, ko ka ɗauki bidiyo da wayarka. Kowane kamfani ya wallafa ma'anar waɗannan alamu a shafinsa na intanet, ana nema da sunan samfurin.

RAM

Babban abin da ya fi jawo baƙar fuska alhali fanka na juyawa shi ne RAM. Wani ɗan siririn allo ne mai haƙoran ruwan zinariya, kuma girgiza a cikin mota, faɗuwa, ko ƙura da danshi kan sa ya daina haɗuwa da mazauninsa da kyau. A tsofaffin laftof yana ƙarƙashin wata 'yar ƙofa mai kusa ɗaya ko biyu, wannan kana iya yi da kanka.

Cire caja da batir. Taɓa wani ƙarfe, kamar ƙofa ko taga, don ka sauke wutar da jiki ke tarawa, wadda ta fi yawa da hunturu. Buɗe 'yan ƙarafan da ke riƙe da shi ta gefe biyu, zai ɗago da kansa a karkace. Zare shi ta gefe, kada ka kama haƙoran. Goge su a hankali da robar goge fensir mai tsabta, ka kakkaɓe ɓurɓushin. Mayar da shi a karkace yadda ya fito, tsagar da ke jikinsa ta dace da ta mazaunin, ka danna har ka ji ƙaras. Idan biyu ne, gwada ɗaya-ɗaya, a kowane mazauni. Bayan ka kunna, ba ta minti ɗaya ko biyu, domin tashin farko kan ɗan jinkirta.

Idan sai an ɓalle duk ƙasan laftof kafin a kai gare shi, kuma batirin na ciki ne, ko kuwa tana da garanti, bar wa masu shi. A sirara da yawa ma an liƙe RAM ɗin a jikin bod, ba ya cirewa.

Zafi, ƙura da ruwa

Laftof da ke tashi ta yi 'yan mintuna ta mutu, sannan ta ƙi tashi sai ta huce, zafi ne ke damunta. Ƙwaƙwalwarta tana kashe kanta idan zafi ya kusa digiri 100 don kada ta ƙone. Ƙurar hunturu takan taru a bakin fanka ta zama kamar auduga, ɗora ta a kan katifa ko matashi kuma yana toshe ramukan iska. Sa hannu a gefen da iska ke fita: idan fanka na ihu amma iska ba ta fitowa, tana buƙatar shara.

Ruwa kuwa, ko shayi, ko koko, ko ruwan leda da ya fashe a jaka, dokarsa ɗaya ce: kada ka kunna don ka ga ko tana aiki. Wannan gwajin ne ke kashe ta. Idan a kunne take, riƙe maɓalli ta mutu, cire caja da batir, ka kife ta a buɗe a kan tawul. Binne ta a shinkafa ba ya cire sukari da gishirin da suka shiga, su ne kuma ke cin bod a hankali. A kai ta a buɗe a wanke da sinadarin da ya dace tun a ranar ko washegari. Tururuwa da kyankyasai ma kan shiga neman ɗumi da ɓurɓushin abinci, su haɗa wuta. Wannan dalili ne babba na daina ci a kan kibod.

Ajiyarka ta fi laftof ɗin daraja

Ga abin da ya kamata ya kwantar maka da hankali. Mutuwar laftof ba ita ce mutuwar abin da ke cikinta ba. Rubuce-rubucenka da hotunanka suna kan faifan ajiya, kuma a yawancin laftof ana iya zare shi, ko mai faɗin tafin hannu ne ko siriri mai kama da cingam. Ana sa shi a wani ɗan gida mai wayar USB, a haɗa da wata kwamfuta, a kwashe komai kamar filash.

Sai dai abu biyu. Laftof da yawa na yanzu suna kulle faifansu da tsarin BitLocker, kuma ba ya buɗewa a wata kwamfuta sai da mabuɗi mai lambobi 48, wanda galibi yana cikin asusunka na Microsoft. Wanda tasa ke aiki yau, ya shiga ya nemo shi ya rubuta a takarda ya adana. Na biyu, a MacBook na zamani da wasu ƙananan laftof masu araha faifan a liƙe yake da bod. Irin waɗannan idan aka sauya bod, ajiyar ta tafi da tsohon.

A wurin mai gyara

Idan ka bi duk waɗannan ba ta tashi ba, to ciwon yana kan bod, kuma lokacin zuwa wurin masana ya yi. A Adum na Kumasi da Sakul na Akra akwai gwanaye, amma ka tambayi wanda aka taɓa yi wa aiki ya nuna maka shago, kada ka bi wanda ya tare ka a hanya.

Kafin ka fita, ɗauki hoton lambar da ke ƙarƙashin laftof, ka rubuta girman RAM da na faifai idan ka sani. Tafi da cajarka. Faɗi gaskiyar abin da ya faru, ko ruwa ne ko faɗuwa, da abin da ka riga ka gwada. Ka ce a fili: kada a goge komai sai da izinina. Laftof da ba ta karɓar wuta ba ta buƙatar sabon Windows, duk wanda ya fara da wannan magana bai gano ciwon ba. Idan akwai sirrin makaranta ko na iyali a ciki, nemi a zare faifan a ba ka, domin ba a buƙatarsa wajen gyaran wuta.

Tambayi abin da aka gano kafin a fara aiki, a yi ciniki tukuna, kuma a ba ka tsohon abin da aka cire. "Bod ya ƙone" ba cikakkiyar amsa ba ce. Sau da yawa abu ɗaya ne ƙarami kamar ƙwayar shinkafa ya lalace a mashigar wuta, kuma mai gwanintar aikin dalma yana iya sauya shi kaɗai. Idan kuɗin gyara ya haura rabin kuɗin irinta ta hannu, zauna ka yi lissafi. Wataƙila gara ka ceci faifan ka tara kuɗin wata.

Rigakafi

Da an ɗauke wuta, zare caja daga bango, kuma idan ta dawo ka ba ta 'yan mintuna ta daidaita kafin ka mayar. Haka ma idan za a tada janareto ko za a kashe shi, da lokacin da hadari ya taso da tsawa. Sayi caja ta ƙwarai ko da ta fi tsada, araha ba ta ado, kuma cajar banza takan tafi da bod. Kada ka naɗe wayar caja da ƙarfi a wuyanta. Idan za ka ajiye laftof tsawon hutu, bar batirin a wajen rabi, ka riƙa duba ta duk wata. A share fanka sau ɗaya a shekara, bayan hunturu ya wuce.

Abin da ya fi duka kuwa, duk aikin da ba za ka iya jure rasa shi ba, ya kasance yana wuri biyu: a laftof, da kuma filash ko imel ɗinka. Malamin da muka fara da labarinsa, da ya tura wa kansa tambayoyin nan a daren da ya gama su, da safe sai ya buɗe wayarsa ya aika wa masu bugawa, laftof kuma a duba ta a natse bayan jarrabawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda tasa ke aiki, ya kwafe ajiyarsa yau kafin ya kwanta.